Ba Na Nan Sai Asabar

Ranar Litinin na ja ƙofar shagona a Panteka,
na rubuta da gawayi: ba na nan sai Asabar.
Shekara goma sha ɗaya ina gyaran baburan mutane,
su hau su tafi, in bi su da ido da baƙin mai a farce.
Wannan karon nawa ne zai tafi.

Kazah ya zo da jaka guda da hular kwano mai tsaga,
muka ɗaure galan da tsohuwar robar taya.
Matata ta ce, "Yawo kuma, da furfura a gemu?"
Ta cusa mini ƙuli-ƙuli a aljihu, ba ta kalle ni ba.

Kangimi muka fara.
Ruwa ya kwanta, sama ta faɗa ciki da gajimarenta.
Wani masunci, Nomau, ya kai mu tsibiri a kwalekwale mai yoyo,
ina kwarfar ruwa da gwangwani, Kazah yana addu'a da yarensu.
Tsibirin bai fi filin ƙwallon yara ba:
kanya ɗaya, balbela wajen ɗari, da silifa ƙafa guda.
Nomau ya ce gonar kakansa tana ƙarƙashinmu.
Ya nuna wurin da filafili kamar dawar na nan tsaye.
Muka yi shiru. Muka ci gasasshiyar karfasa da yaji a takarda.

Bayan Pambeguwa ƙusa ta shiga tayar baya.
Na zazzage jaka: makaniken Panteka ya manta sufanarsa.
Wani yaro a gindin mangwaro ya yi mana faci,
yana koya mini yadda ake cire taya.
Na ce to. Kazah ya yi dariya har Saminaka.

Laraba ruwan sama ya bi mu kamar mai bin bashi.
Dutsen Kagoro ya leƙo, ya koma cikin hazo.
A Matsirga ba a jin maganar kowa,
na ga bakin Kazah yana motsi, na gyaɗa kai,
har yau ban san me na amince da shi ba.

Sai gidan gwaggonsa Kasham, bayan Zonkwa,
inda ta tsufa tana dafa burukutu.
Tsiron dawa a shanye a kan buhu,
tukwane uku masu baƙin gindi, kowacce za ta haɗiye yaro,
hayaƙi, kumfa, da wani tsami da ya riga mu zuwa ƙofa.
Ta dube ni sau ɗaya ta gane.
Ta ɗauko sabon ƙoƙo da bai taɓa tukunya ba,
ta zuba mini kunun dawa,
ta share wuri a bayan rumbu, ta nuna mini gabas da muciya.
Da na idar na tarar ta kara kunne a bakin tukunya,
ido a rufe, ta ɗaga wa 'yan shan hannu su yi shiru.
"Sai gobe," ta ce. "Ba ta gama magana ba."
Na san wannan tsayuwar.
Haka nake yi wa inji kafin in taɓa shi.

Kachia ta cika mana hanci da citta.
Daga nan hanya ta san gida, babur ya ƙara sauri da kansa.
A Sabon Tasha Kazah ya sauka yana ɗingishi,
ya ce duwawunsa sun yi murabus.
Na haye gada ni kaɗai, bayana ya yi sanyi.

Asabar na goge gawayin da hannun riga.
Mutum huɗu na jira, kowa da ƙorafinsa.
Ƙoƙon Kasham yana kan benci yanzu, cike da noti.
Na ce wa na farko, "Tayar da shi."
Na rufe ido.